3.4 Musayar Hotunan Ƙwaƙwalwa Tsakanin Masu Bincike

Abin da ake nufi da musayar hotunan ƙwaƙwalwa shi ne, mai bincike ya ɗauki hotunan da na'urar MRI ta fitar, ya goge sunayen masu su, sannan ya ajiye su a wata taska ta intanet inda kowane masani zai iya ɗauka ya yi nazari kyauta. Dalilin yin haka a fili yake. Na'urar tana da tsada, kuma da wuya bincike guda ya tara mutanen da suka wuce 'yan gommai, alhali hukuncin da aka gina a kan mutum ashirin ko talatin yakan rushe idan wani ya sake gwadawa. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Amurka wannan al'ada ta fi kafuwa. A shekarar 2004 aka fara shirin ADNI mai tattara hotunan tsofaffi masu cutar mantuwa, daga baya shirin Human Connectome ya fitar da hotunan kimanin mutum 1,200. Taskar OpenNeuro, wadda Russell Poldrack da abokan aikinsa suka kafa, ta fara aiki da wannan suna a 2017. Amfanin abin ya bayyana a 2016, lokacin da Anders Eklund na ƙasar Suwidin da abokansa suka yi amfani da irin waɗannan hotuna suka gano cewa wasu hanyoyin lissafi da aka daɗe ana dogaro da su suna nuna motsi a ƙwaƙwalwa a inda babu shi. Da kowa ya kulle nasa a ofis, da kuskuren ya ci gaba da tafiya.

Idan aka dawo Dutsin-Ma da Kurfi, za a ga lamarin ya sha bamban. Mai fama da farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki, idan har likita ya nemi hoton kai, akan tura shi Katsina ko Kano, bayan dangi sun haɗa kuɗin mota da na aiki. Idan an gama sai a ba shi hoton a babban ambulan, likita ya duba sau ɗaya, a koma da shi gida a jefa ƙasan akwati. Ke nan hoton da wataƙila sai da aka sayar da akuya aka biya kuɗinsa ya gama aikinsa a rana guda. Illar wannan ita ce, manhajojin kwamfuta da ake koya wa gane cuta daga hoto mafi yawa da hotunan Turawa aka horar da su, waɗanda aka ɗauka da na'urori masu ƙarfi fiye da na asibitocinmu. Don rage wannan giɓi ne a 2023 aka fitar da tarin BraTS-Africa, wato hotunan masu ƙari a ƙwaƙwalwa da aka tattara a Nijeriya.

Sai dai akwai batun amana, wanda ba a wasa da shi a ƙasar Hausa. Jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda iyaye suka yi ƙorafin cewa ba a fayyace musu gwaji ake yi ba. Haka kuma goge suna kaɗai bai isa ba, domin hoton MRI yana ɗauke da siffar fuska. A 2019 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun nuna cewa manhajar gane fuska ta gano mutum 70 daga cikin 84 ta hanyar hotunan kansu. Shi ya sa ake share ɓangaren fuska kafin a saki hoto. A garin da jin an ce akwai farfaɗiya a gidan wane kan iya fasa auren 'yarsa, tonuwar irin wannan sirri ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyaye su. Amma amincewar mara lafiya ta dogara ne a kan harshen da aka nemi ta da shi, kuma nan ne aikin ya shafi manazarta Hausa. Kalmar "hoto" kanta tana da ruɗani. Idan aka ce wa dattijo daga Kurfi "za a raba hotonka ga duniya", abin da zai zo masa a rai shi ne fuskarsa a wayoyin mutane. Idan kuma aka ce "za a ajiye don bincike" kawai, an ɓoye masa cewa wani a Jamus zai iya buɗe shi bayan shekara goma. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da malaman Hausa da na kimiyya a wuri ɗaya, don haka tana da damar tsara takardar neman izini da za a karanta wa mara lafiya da baki, a kuma tambaye shi ya maimaita abin da ya fahimta kafin ya dangwala yatsa.