Dokin da Ya San Halin Saniya

A birnin Fort Worth na jihar Teksas, duk ƙarshen shekara ana yin wata gasa da kan sa baƙo ya riƙe baki. Mahayi zai kutsa cikin garke a hankali, doki na taku ɗaiɗai, ya zaɓi karsana guda ya fito da ita fili. Daga nan sai ya sassauta linzami, ya ɗora hannunsa a wuyan doki. Ita kuwa karsana ba abin da take so sai komawa cikin 'yan uwanta. Ta zabura dama, ta tarar doki ya riga ta. Ta murɗa hagu, ya zauna kan ƙafafunsa na baya, ƙirji ya kusa taɓa ƙasa, ya sake tare ta, idonsa cikin nata. Minti 2 da rabi ake ba kowane mahayi, kuma in alƙalai suka ga ya ja linzami don nuna wa doki hanya, sai su zaftare masa maki.

Aikin kiwo ne ya haifi wannan wasa. A da, makiyayar yammacin Amurka ba ta da shinge, shanun mutane daban-daban kan cakuɗe a daji, sai an tattaro su wuri guda kafin kowa ya ware nasa, a yi wa maruƙa lalas, a fitar da na sayarwa. Dokin da ya iya zare saniya ɗaya ba tare da ya tarwatsa sauran ba, shi ne abin alfaharin mai shi. A 1898 aka yi gasar farko da aka tallata, a garin Haskell na Teksas, inda Sam Graves ya yi nasara da tsohon dokinsa Hub. A 1946 aka kafa ƙungiyar da ke kula da gasar har yau.

Sana'ar kanta ta girmi ƙasar Amurka. Mutanen Sifen ne suka tsallako da dawakai da shanu tun tafiyar Kolombus ta biyu a 1493, kuma makiyayan Meziko ne suka gyara sirdi mai ƙaƙƙarfar kwacciya da igiyar zarge ta ɗanyar fata. A wurinsu kaboyi ya koyi aiki. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, aka shiga koro shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene. Mutum 10 zuwa 12 kan kora garken da ya kai dubu 2 ko 3, suna cin mil 10 zuwa 15 a yini don kada shanun su rame. Masana tarihi na ƙiyasin cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan mahaya baƙar fata ne, abin da finafinan kaboyi da aka sha kallo a silima suka ɓoye.

Finafinan sun ɓoye wani abin kuma. A cikinsu kullum sukuwa ce da ihu da ƙura, alhali a wurin masu sana'a wanda ya sa shanu gudu ya yi ɓarna: nama ya zube, maraƙi ya rabu da uwa, shinge ya karye. Gwanin gaske da wuya a ji muryarsa.

Abin da yake karantawa shi ne jikin saniya. Kowace tana da tazarar da in aka shigo cikinta za ta matsa, in aka ja da baya ta tsaya. Kafaɗarta ce ma'auni: mahayi ya tsaya bayan kafaɗa, ta yi gaba, ya wuce gaban kafaɗa, ta tsaya ko ta juya. Idanunta na gefen kai, tana ganin kusan ko'ina ban da daidai bayan wutsiyarta, shi ya sa wanda ya bi ta ta nan zai ga ta waiwayo don ta san abin da ke biye da ita, tafiya ta lalace. Temple Grandin ta jami'ar jihar Kolorado da marigayi Bud Williams sun shafe shekaru suna koyar da wannan. Bafulatanin da ke kiwo da sanda ya san mafi yawansa tun yana yaro, sai dai shanunsa sun saba da muryarsa, yayin da na manyan gandayen Amurka kan yi watanni ba su ga mutum ba. Irin waɗannan ba a tunkarar su a ƙasa.

Hawan ma daban yake. Hannu ɗaya ke riƙe linzami, domin ɗayan na igiya ne ko buɗe ƙofar shinge, don haka ana horar da doki ya juya da zarar ya ji igiyar linzami ta taɓa wuyansa. Tsayawa kuwa daga zama take: mahayi ya nutse cikin sirdi, ya danna dugadugai a likkafa, doki ya shigar da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa. Duk wanda ya ga zamiya a hawan sallah ya san siffar. Bambancin shi ne a nan saniya ce ke yanke lokacin, kuma mahayin da ya karkata jikinsa kafin doki ya juya, nauyinsa ne zai sa ta kuɓuce.

Igiya ita ce mai haɗari. Da an zarge dabba, sai a yi maza a naɗa igiyar a kwacciyar sirdi, babban yatsa a sama. Wanda ya bari yatsansa ya shiga naɗin yayin da dabba mai kilo 200 ko fiye ta fizga, yana iya rasa shi nan take, kuma tsofaffin makiyaya masu guntun yatsa ba su da wuyar gani.

Duk wannan ba ya samuwa da gaggawa. A tsarin makiyayan Kalifoniya, ɗan dukushi kan fara da ragamar fata wadda ba ta da ƙarfe a baki, sai bayan shekaru a sa masa cikakken linzami. Jini ma na da nasa rabon. Nau'in Quarter Horse, mai kaurin cinya da saurin zabura, shi ya fi suna, kuma dokin da aka ba lamba ta 1 a littafin rajistarsa, Wimpy, daga gandun King Ranch na kudancin Teksas ya fito.

Babura masu ƙafa huɗu sun karɓe wani ɓangare na aikin, a Ostireliya har da jirgi mai saukar ungulu ake tattaro shanu. Amma a kan duwatsu da cikin sarƙaƙiya doki ne ke shiga. Haka a manyan wuraren turkar shanu na Teksas da Kansas da Nebraska, kowace safiya mahaya kan bi garka bayan garka suna duban wadda ta sunkuyar da kai, ko kunnuwanta suka faɗi, ko ta ƙi zuwa wurin abinci, su zare ta a hankali su kai ta inda za a yi mata magani.