Me Kika Je Nema A Kan Dutse?

Ranar da na tura wa Mama hotona a saman dutsen Mam Tor, ko minti biyar ba a yi ba ta kira ni daga Kano. "Ke, lafiya? Me kika je nema a kan dutse? Wani abu ne ya ɓace miki?" Dariya na yi a lokacin, amma tambayarta tana da amsa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchesta, shekara shida ke nan. Aikinmu awa 12 ne a tsaye, wani lokacin dare uku a jere. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, sai na shiga asibiti da duhu na fito da duhu. Ranar hutu kuwa daga gado sai waya sai tukunya. Wata rana abokiyar aikina ta ga ina yawan dafe kai, ta ce in miƙo hannu ta auna ni. Ashe jinina ya hau. Ni da kullum nake yi wa marasa lafiya wa'azin motsa jiki na minti 150 a mako, sai ga shi an kama malama ba ta aiki da karatunta.

Likita ya ɗora ni a kan magani, ita kuma ta ja ni zuwa Edale, wani ƙauye a yankin Peak District, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa. Tsayin Mam Tor mita 517 ne, yara ma na hawansa, amma ni sau huɗu ina tsayawa ina haki. Da takalmin zuwa aiki na je, santsin taɓo ya kayar da ni a gaban tumaki. Da muka kai sama iska ta buge ni, na ga kwari kore shar har iyakar gani. A daren na yi barcin da rabona da irinsa tun ina gida.

Gaskiya abin da ya fi damuna kafin tafiyar shi ne kallo. Na ɗauka ƙauyen Turawa ba wurin baƙar mace mai hijabi ba ne. An kalle ni kam, amma yawancin waɗanda muka haɗu da su gaisuwa suka yi suka wuce. Daga baya na gane cewa su kansu talakawan Ingila sai da suka yi gwagwarmaya kafin a bar su su taka waɗannan duwatsu. A ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan mutane, yawancinsu ma'aikata daga Manchesta, suka hau Kinder Scout da gangan, alhali masu filin sun killace shi don harbin tsuntsaye. An ɗaure biyar daga cikinsu. A 1951 Peak District ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, a 2000 kuma aka yi dokar da ta buɗe wa jama'a irin waɗannan filaye. Hanyar da aka kafa wa alamar masu tafiya a ƙasa, haƙƙin kowa ce, har da ni da ke.

Ga mai son gwadawa, ga abin da faɗuwa ta koya mini. Ki nemi takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa. Ki guji kayan auduga a jikin fata, don idan suka jiƙe ba sa bushewa, sanyi ya kama ki. Ki duba hasashen yanayi, ki tafi da ruwa da abinci da tocila, ki faɗa wa wani inda za ki da lokacin dawowarki. Ƙofar gona kuma a bar ta yadda aka same ta. Idan aka samu hatsari, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana buƙatar masu ceto a duwatsu. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara tuntuɓar likitansa, kada kuma ya ajiye magani don ya fara hawan dutse. Ni ma ban ajiye nawa ba.

Yanzu sau biyu a wata muke fita, mu shida, har da wata Anti 'yar Zongon Kumasi da ta haura hamsin. Mukan tafi da shayi a filas da ƙosai, idan azahar ta yi mu shimfiɗa darduma a bayan katangar duwatsu. A bazarar bana muka hau Kinder Scout ɗin kansa, mita 636.

Makon jiya Mama ta sake kawo zancen. Na ce mata, "Mama, barcina ne ya ɓace, can na samo shi." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai ga Dala nan a bayan gidanmu, kin girma kina kallonsa, ba ki taɓa hawa ba." Na yi mata alkawari idan na zo hutu tare za mu hau. Ta ce ita a ƙasa za ta jira ni, da ruwan sanyi.