Masu wanka da askin karnuka har gida: Amfaninsu da abin lura kafin a kira su

A unguwanni irin su Maitama, Asokoro, Gwarinpa da Lokogoma, kare ya zama wani ɓangare na tsaron gida. Sai dai ma'aikacin da ke fita kafin ƙarfe bakwai don kauce wa cunkoso, ya dawo bayan magariba, ba kasafai yake samun sukunin duba jikin karensa ba. Yawanci maigadi ake bar wa aikin, shi kuwa iyakarsa ya zuba abinci da ruwa. Wannan giɓin ne masu wanka da askin karnuka da ke zuwa har gida suke cikewa.

A Amurka da Ingila, masu sana'ar suna zuwa ne da mota ta musamman mai ɗauke da tankin ruwa da bahon wanka da na'urar busar da gashi. Inda babu irin wannan motar, mai aikin yakan zo da kayansa, ya yi amfani da ruwan gidan: ya wanke karen, ya taje gashi, ya yanke farce, ya goge kunnuwa.

Amfani na farko shi ne sauƙi. Ɗaukar babban kare irin Boerboel ko Caucasian a mota aiki ne ja, kuma akwai magidanta da dama da saboda tsarki ba sa son kare ya shiga motar da suke hawa. Shi ma karen ya fi natsuwa a inda ya saba, sannan ba ya cuɗanya da wasu karnuka, balle ya kwaso cutar parvo, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo.

Na biyu ya fi muhimmanci: mai wanka yana ganin abin da mai gida bai gani ba. Kaska tana ɓuya a cikin kunne da tsakanin yatsu, tana shan jini, tana kuma yaɗa cututtukan da ke sa kare zazzaɓi da ƙarancin jini. Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai danshin fitsari, tsutsarsa ta shiga ƙarƙashin fata ta yi ƙurji. Ƙazuwa da makero ma ana gane su da wuri, kuma makero yana iya kama yaran gida.

Duk da haka, akwai abin lura. Ba daidai ba ne a aske kare mai gashi hawa biyu, kamar Alsatian, ƙwal-ƙwal saboda zafin Maris da Afrilu, domin gashin ne ke kare fatarsa daga rana. Taje shi ya fi. Kada a yarda a shafa masa baƙin mai ko maganin feshin ƙwari don kashe kaska, domin guba ne gare shi. Mai gida ya tambayi yadda ake tsabtace almakashi da injin aski tsakanin gida da gida, tunda kayan aiki ma suna ɗaukar cuta.

Haka kuma mai wanka ba likita ba ne. Allura da rubuta magani aikin likitan dabbobi ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duk masu kamuwa daga kare suke samu. Idan alamomin ciwon suka bayyana, da wuya a tsira. Saboda haka ya kamata mai gida ya nuna katin rigakafin karensa kafin wani ya taɓa shi. In tsautsayi ya sa kare ya yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar.