Ɗaukar hoto a sararin samaniya: Wace kyamara, wane gilashi?

Duk wanda ya taɓa samun kujera kusa da taga a jirgin sama, ko a hanyar Jidda ko tsakanin Kano da Legas, da wuya a ce bai ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton gajimare ko na garin da ake shirin sauka ba.

Sai dai sau da yawa idan aka sauka aka duba, hoton kan fito dishi-dishi, ko hazo ya lulluɓe shi, ko kuma a ga inuwar mai ɗaukar a jikin tagar.

Mutane da dama kan ɗora laifin a kan arahar kyamara. Amma ƙwararrun wannan fanni da abubuwa uku suke fama: gudun jirgi, da girgizar injinsa, da kuma ƙurar da ke tsakanin kyamara da abin da ake son ɗauka. Kusan duk kayan aikin da aka ƙera domin wannan sana'a cikin fiye da shekaru 160, an ƙera su ne don a shawo kan abubuwan nan uku.

Daga balan-balan zuwa jirgi

Wani Bafaranshe, Gaspard-Félix Tournachon, wanda aka fi sani da Nadar, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya fara ɗaukar hoto daga sama, a shekarar 1858, daga kwandon wani babban balan-balan a kusa da birnin Paris. A wancan zamani a kan faifan gilashi ake ɗaukar hoto, kuma tilas a wanke shi tun maganin da aka shafa masa bai bushe ba, abin da ya sa yake hawa da kayan wanke hotonsa a cikin kwandon.

Hotunan Nadar na farko sun salwanta. Mafi daɗewa da ya rage a duniya shi ne na birnin Boston a Amurka, wanda James Wallace Black ya ɗauka a 1860.

A Jamus kuma wani mai haɗa magunguna, Julius Neubronner, ya sami takardar mallakar fasaha a 1908 a kan wata 'yar ƙaramar kyamara da ake ɗaura wa tattabara a ƙirji, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan lokacin da aka saita ya cika.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mayar da lamarin aikin soja, kuma a nan matsalar gudu ta fito fili. Kyamarorin lokacin na da wani labule da ke wucewa a gaban fim daga gefe zuwa gefe, kafin ya kai ƙarshe jirgi ya riga ya gusa, sai tituna da gine-gine su fito a karkace. Wani Ba'amurke, Sherman Fairchild, ya ƙera kyamarar da ke buɗewa ta rufe daga cikin gilashinta, ta yadda haske zai faɗa wa fim ɗin gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen zana taswira daga hotunan sama.

Ba a daɗe ba fasahar ta iso ƙasar Hausa. A tafiyar da ya yi zuwa tafkin Chadi tsakanin 1930 da 1931, matuƙin jirgin nan ɗan ƙasar Switzerland, Walter Mittelholzer, ya ɗauki hotunan Kano daga sama, waɗanda ke ajiye a ɗakin karatu na jami'ar ETH da ke Zurich.

Tsawon gilashi

Gilashin da ke gaban kyamara, wato idonta, da milimita ake auna tsawonsa. Mai milimita 24 yana kwaso fili mai faɗi. Mai milimita 50 yana nuna abu kusan yadda idon mutum ke ganinsa. Mai milimita 400 ko 600 kuwa, shi ne ke jawo nesa kusa.

Masu tsayawa a ƙasa suna ɗaukar jirage, kamar a bikin baje kolin jiragen sama na Farnborough a Ingila ko na Le Bourget a Faransa, dogon gilashi suke buƙata. Galibinsu na amfani da wanda ake iya miƙawa daga milimita 100 zuwa 400, ko daga 150 zuwa 600, domin jirgin da ke can nesa a yanzu, cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ga shi a kan mutum.

Amma wanda ke cikin wani jirgi yana ɗaukar jirgin da ke tafiya kusa da shi, bai cika buƙatar irin wannan ba. Jiragen biyu kan matso juna sosai, don haka gilashi mai milimita 24 zuwa 70, da kuma mai 70 zuwa 200, sun wadatar.

Akwai dalili na biyu. Kamar yadda dogon gilashi ke ƙara girman abin da ake kallo, haka yake ƙara girman rawar hannu da girgizar inji. Ga shi kuma idan an cire ƙofar jirgi, iska kan fizge duk abin da ya leƙa waje.

Shi ya sa ƙwararru kan rataya kyamarori biyu, kowace da gilashinta, maimakon su sauya gilashi a sama. Kazalika komai sai an ɗaure shi da igiya, har shi kansa mai ɗaukar hoton, saboda ƙaramin abu idan ya suɓuce ya daki farfelar wutsiyar jirgi mai saukar ungulu, yana iya haddasa hatsari.

Saurin ƙiftawa

Kyamara na buɗe ido ta rufe ne kamar ƙiftawa, kuma tsawon wannan ƙiftawa shi ne jigon aikin.

Jirgin da ke gudun kilomita 900 a sa'a guda yana cin mita 250 a kowace daƙiƙa. Idan kyamara ta buɗe na tsawon kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa, jirgin ya riga ya gusa da mita biyu. Idan kuma kashi ɗaya cikin 1,000 ne, santimita 25 kawai zai gusa. Saboda haka masu ɗaukar jiragen yaƙi kan saita kyamara a kan kashi ɗaya cikin 1,000 ko abin da ya fi haka sauri, suna kuma bin jirgin da kyamarar yayin da yake wucewa.

Jirgi mai farfela kuwa akasin haka yake buƙata. Idan aka ɗauke shi da ƙiftawa mai sauri, farfelar kan fito a tsaye cik, kamar injin ya mutu a sama.

Alal misali, farfelar da ke zagaye 2,400 a minti ɗaya tana zagaye 40 ke nan a daƙiƙa. Idan fukafukanta biyu ne, sai kyamara ta buɗe na kashi ɗaya cikin 80 na daƙiƙa kafin ta fito kamar faifai. Farfelar jirgi mai saukar ungulu ta fi wannan jinkiri nesa ba kusa ba, don haka ta fi wuyar sha'ani.

A nan ne girgiza ke shigowa, domin a irin wannan jinkiri ɗan motsi kaɗan ya isa ya ɓata hoto. Wasu kan ɗaura wa kyamara wata na'ura mai ƙafafun ƙarfe da ke juyawa da matuƙar sauri a cikinta, wadda ke hana ta karkacewa, kamar yadda katantanwa ke tsayawa a miƙe muddin tana juyi. A 1995 kamfanin Canon ya fitar da gilashi mai milimita 75 zuwa 300 da ke rage rawar hannu da kansa, kuma a yau wannan fasaha ta shiga har cikin wayoyin salula.

Hazo kuwa babu gilashin da ke kawar da shi ɗungurum. A zamanin hoto marar launi akan sa matacin haske rawaya ko ja a gaban gilashi don rage shi. Har yanzu dai babbar dabara ita ce zaɓen lokaci: da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke fito da siffar ƙasa, ko kuma bayan an ɗauke ruwan sama. A lokacin hunturu, idan ƙura ta turnuke, kyamara komai tsadarta ba ta da abin yi.

Hotunan da suka girgiza duniya

A ranar 14 ga watan Oktoban 1962, wani matuƙin sojan saman Amurka, Manjo Richard Heyser, ya ratsa sararin samaniyar Cuba a jirgin leƙen asiri samfurin U-2, wanda ke tashi sama da nisan kusan kilomita 21. Kyamarar jirgin na da gilashi mai tsawon inci 36, wato sama da milimita 900.

Hotunan da ya dawo da su sun nuna wuraren da Tarayyar Soviet ke girke makamai masu linzami a yankin San Cristóbal. An nuna wa shugaba John Kennedy su a ranar 16 ga wata, a ranar 25 kuma jakadan Amurka Adlai Stevenson ya baje hotunan leƙen asiri a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Kwanaki uku bayan nan shugaban Soviet Nikita Khrushchev ya amince a kwashe makaman.

Sana'ar na da haɗarinta. A ranar 8 ga watan Yunin 1966, an jera jiragen soja biyar a sararin samaniyar jihar California domin ɗaukar hoton talla. Wani jirgi samfurin F-104 ya matso ya gogi babban jirgin gwaji XB-70, jiragen biyu suka faɗi, matuƙa biyu, Joe Walker da Carl Cross, suka rasa rayukansu.

Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, George Steinmetz, ya bi wata hanya dabam. A ƙarshen shekarun 1990 ya fara shawagi a kan hamadar Nijar da lema mai ƙaramin inji da ake goyawa a baya. Da yake lemar ba ta da gudu kuma ba ta nisa da ƙasa, babu taga babu ƙofa a gabansa, gilashi madaidaici ya ishe shi ɗaukar ayarin raƙuma da tuddan rairayi.

Daga tagar fasinja

Ga matafiyi, 'yan dabaru kaɗan kan kawo bambanci. Kujerar da ke gaban fiffike ta fi dacewa, domin zafin da ke fita daga inji yana sa abin da ke bayansa ya riƙa rawa a hoto.

Ya kamata a kusantar da kyamara ga taga, amma kada a jingina ta, don girgizar jirgi za ta shige ta. A kashe fitilar kyamara da ta saman kujera. Tufafi masu duhu na rage inuwar da ke bayyana a taga. Matacin hasken da ake amfani da shi wajen rage ƙyalli kuwa ba ya aiki a nan, saboda tagar jirgi ta roba ce mai rufi-rufi, sai ya fito da launuka kamar bakan gizo.

Sai kuma batun doka. Ƙasashe da dama sun haramta ɗaukar hoton sansanonin soja da wasu sassan filayen jiragen sama. A watan Nuwamban 2001 hukumomin Girka sun kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holland biyu, masu sha'awar kallon jirage da rubuta lambobinsu, a wani sansanin sojan sama da ke Kalamata, aka kuma tuhume su da leƙen asiri. Sai bayan shekara guda kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da aka yanke wa waɗanda suka gurfana a gabanta.

Yaɗuwar ƙananan jirage marasa matuƙa masu ɗauke da kyamara ta sa hoton sama ya yi araha, har ana ganinsu a wuraren biki da hawan salla. A Najeriya, a shekarar 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta NCAA ta ba da sanarwar cewa ba a yarda kowa ya tashi irin waɗannan jirage ba sai da izininta da kuma na ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro.