Mai Ciwon Daji da Komawa Gida a Maiduguri

Idan likita ya ja babban ɗa gefe ya ce, "Ku mai da Baba gida, a ci gaba da addu'a," kowa ya san ciwon dajin ya riga ya bazu. A Ingila fafutuka ake yi don a bar irin wannan majinyaci ya cika a ɗakinsa. A Maiduguri kuwa komawa gidan ba wuya, sai dai ba kullum ne da son ransa ba.

Kuɗi ne kan fara yanke hukunci. Kafin a iso Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri an sha jiƙe-jiƙe, an sayar da tumaki, wani har da fili. Ambaliyar Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta shiga asibitin ta lalata kayan aiki, ta kuma rusa gidajen da za a koma.

Addini ma na jan mutane gida. Iyali na son a laƙƙana wa mai barin duniya kalmar shahada, a yi masa sutura da wuri ba tare da zaryar takardu ba. To amma wane gida? Wanda rikicin Boko Haram ya koro daga Bama ko Gwoza, yana raɓe a ɗakin haya da mutum goma, ba shi da inda zai kwanta a asirce. Jinyar kuma kan mace ɗaya take faɗawa: juya shi, wanke gyambo, hana ido barci.

A ganina, abin da ya fi komai nauyi shi ne zafin ciwo. Ciwon daji da ya kai ƙashi ba ya jin farasitamol. Mofin na sha ke kwantar da shi, maganin da ba shi da tsada, amma doka ta tsaurara shi saboda gudun shaye-shaye, ba a samunsa a kemis ɗin unguwa. Shi ya sa ake dawo da majinyaci asibiti da tsakar dare yana kururuwa, ya cika a inda bai so ba.

Yuganda ta nuna hanyar rage wannan matsala. Wata likita, Anne Merriman, ta kafa ƙungiyar kula da masu ciwon ajali ta Hospice Africa a Kampala a 1993, ana haɗa ruwan mofin mai rahusa, kuma daga 2004 aka yarje wa nas-nas masu horo na musamman su rubuta shi, su bi majinyata har gida.