Ranar da dutsen Kazaure ya sauke mana girman kai

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya san duwatsun da suka yi wa Kazaure ƙawanya. Daga cikin mota sai ka ga kamar da gudu za ka haye su. Ganin nan ne ya ruɗe mu, mu ɗalibai shida, muka sa ranar wata Asabar a ƙarshen Oktoba. Shirinmu shi ne mu fara da Madatsar Ruwa ta Muhammadu Ayuba, wadda aka fi sani da Dam ɗin Kazaure, mu hau tsaunin da ya fi tsawo cikin waɗanda muke hange daga bakinta, mu dawo kafin Azahar.

Mun yi alkawarin tashi bayan Asuba, amma ba mu fito ba sai tara saura. A bakin dam kuma muka ɓata awa guda muna ɗaukar hotuna da kallon masunta. Guzurinmu ƙosai ne da ruwan leda biyu-biyu. Biyu daga cikinmu ma silifa suka sako.

Gani ga wane, in ji masu magana, ya ishi wane tsoron Allah, amma mu ba mu da wanen da za mu gani. Tun daga gindin dutsen ƙarangiya ta cika mana wanduna. Da muka fara hawa, tsakuwa ta riƙa zamewa a ƙarƙashin ƙafa, fararen duwatsu masu kaifi suna yankar tafin hannu. Duk tudun da muka ɗauka shi ne ƙololuwa, sai mu tarar da wani a bayansa. Kafin sha biyu ruwa ya ƙare, hira ta mutu.

Ƙaramin cikinmu ɗan Babura ne, ƙasar rairayi shimfiɗaɗɗiya, bai taɓa hawan dutse ba. Shi ya fara cewa yana ganin jiri, sai ya durƙushe yana amai. Nan gardama ta tashi. Ƙololuwa ga ta ana gani, wasu suka ce a bar shi a inuwa ya huta, minti ashirin mun dawo.

Muna cikin haka wani dattijo makiyayi ya ɓullo da awakinsa. Ya dube mu, ya dubi yaron.

"Samari, wa ya ce ku hau da tsakar rana?"

"Baba, mun zaci ba nisa."

"Dutsen nan na nan gobe. Ku sauko da ɗan'uwanku."

Ya ba shi ruwan gorarsa kurɓi-kurɓi, muka jiƙa masa riga muna yi masa fifita a ƙarƙashin wata aduwa. Da ya farfaɗo, muka sauko da shi a rirriƙe, babu wanda ya sake zancen ƙololuwa.

Bayan mako biyu muka koma, mu shidan. Wannan karon muna idar da sallar Asuba muka kama hanya, kowa da ruwa lita 3, hula, kambas da sanda. Mun haɗa ruwan gishiri da sukari yadda ma'aikatan lafiya ke koyarwa: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1. Ɗan Babura muka sa a gaba, tafiyarsa ce ma'auninmu.

Kafin rana ta yi zafi muna sama. Ga dam yana sheƙi a ƙasa, ga gonakin dawa, ga jerin duwatsu ya miƙa wajen Roni da Gwiwa. A nan muka gane darasin tarihin da muka haddace ba mu fahimta ba. Ɗan Tunku ya kafa masarautar nan wajen 1819, ɗansa Dambo kuma ya mai da Kazaure hedikwata. Wanda ya tsaya inda muka tsaya zai hango mai zuwa tun daga nesa.

In ku ma za ku je, ku gaya wa na gida inda kuka nufa, ku tambayi mutanen wurin hanya, kada wanda bai iya ruwa ba ya shiga dam. Idan wani ya fara sambatu ko ya suma saboda zafi, a sanyaya masa jiki a garzaya da shi asibiti. Hoton da muka ɗauka a ƙololuwa kuwa, mutum shida ne a ciki.