Amsoshin Tambayoyinku: Shin Dula Ungozoma Ce?

Tambaya: Wata mai sauraronmu, 'yar kasuwa daga wajen Funtuwa, ta ce ta ji ana batun wasu mata a Amurka da ake kira dula, masu zama da mace lokacin naƙuda. Shin ungozomarsu ke nan?

Amsa: To Hajiya, mun gode da wannan tambaya. A'a, ba ungozoma ba ce. Dula ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibi, ba ta ba da magani. Kalmar daga harshen Girkanci take, ma'anarta mace mai hidima. Aikinta shi ne ta zauna da mai naƙuda tun daga farko har ta sauka: ta murza mata baya, ta ba ta ruwa, ta kama ta su ɗan taka, ta kwantar mata da hankali, ta kira malamar asibiti in an ga abin da ba a gane ba.

Wani zai ce, zama kawai? To, a saurara. A 1980 wasu likitoci, cikinsu har da John Kennell da Marshall Klaus, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a wani asibiti a ƙasar Gwatamala, kan masu cikin fari. Waɗanda aka bari su kaɗai sun yi wajen awa 19 kafin su haihu. Waɗanda aka ajiye musu mace a gefe kuwa, kusan awa 9. A 2017 aka haɗa bincike 26 daga ƙasashe 17, mata sama da 15,000, aka tarar cewa masu mai zama da su sun fi haihuwa da kansu, yin tiyata kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masana na ganin tsoro ne ke sa jiki ya saki sinadarin da ke rage ƙarfin naƙuda.

Inda abin ya shafe mu shi ne al'adar kunya. A gidaje da yawa mace kan shige ɗaki ita kaɗai, ta cije, sai an ji kukan jariri a kira ungozoma. Ana yaba mata jarumtaka, amma fa in abu ya ɓaci babu wanda zai gani da wuri.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya zauna da ita. Ba sai an biya dula ba. Uwa, ko yaya, ko gwaggo za ta iya. Saboda haka Hajiya, tun ranar awo a tambaya ko asibitin zai yarda. Mai zaman kuma ta sani: in jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama, ko naƙuda a gida ta haura awa 12, a nemi mota a tafi asibiti nan take.